Yadda Ake Sauya Furosesa a Tsohon Madabod Ba Tare da an Ƙona Ta Ba

Kwamfutocin zamanin 486 da na Pentium na farko suna da wani hali da na yanzu ba su da shi, wato madabod ɗinsu (babban allon da sassan kwamfuta suke kai, wanda ake kira bod a taƙaice) ba ya tambayar furosesa (cif ɗin da ke yin lissafin kwamfuta) irin wutar da take buƙata ko gudun da za ta iya. Mai na'urar ne yake faɗa masa ta hanyar jamfa, waɗannan ƙananan hulunan roba da ake kifawa a kan ƙafafu biyu, kuma duk abin da aka faɗa masa shi zai aiwatar, ko da kuwa zai kashe furosesar nan take. Saboda haka shigar furosesa cikin soket, wato gurbin da take zama a kan bod, ba hujja ba ce ta cewa za ta yi aiki a wurin. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci, kuma ba su zama ɗaya wajen haɗari ba. Kuskure a gudu yakan sa na'ura ta ƙi tashi ne kawai, kuskure a BIOS, wato shirin da ke cikin bod mai tayar da na'ura, yakan sa ta kira furosesar da sunan da ba nata ba ko ta tsaya a hanya, amma kuskure a ƙarfin wuta shi ne wanda ba a dawowa daga gare shi.

Aikin yana farawa da sanin ainihin madabod ɗin da ke hannu. Yawancin kamfanoni sukan buga sunan samfurin da farin rubutu a tsakanin ramukan kati, tare da lambar fitowa a kusa da shi ko a wata kusurwa. Wannan lambar fitowa tana da muhimmanci ƙwarai, domin bod guda mai suna guda yana iya fitowa sau da dama, na baya yana karɓar furosesar da na farko ba zai iya ba ta wuta ba. ASUS P2B sanannen misali ne a kan haka. Idan babu suna a jikin bod ɗin, a kunna na'urar a kwafi dogon layin haruffa da lambobi da BIOS na Award ko AMI yake nunawa a ƙasan fuskar kwamfuta lokacin tashi, domin a cikinsa akwai alamar kamfanin da ya ƙera bod ɗin, kuma da shi ake neman littafin bayaninsa a rumbunan masu adana tsofaffin na'urori a intanet. Kafin a taɓa ko da jamfa ɗaya, a ɗauki hoton bod ɗin daga sama a wuri mai haske, a kuma rubuta matsayin kowace jamfa a takarda.

Daga nan sai a duba lafiyar bod ɗin kansa, domin sabuwar furosesa za ta ja wuta fiye da tsohuwa, kuma duk wani rauni da ke ɓoye a lokacin ne zai bayyana. Bod na zamanin 386 da 486 da dama suna ɗauke da batir mai siffar ƙaramar ganga da aka liƙa da dalma kusa da ramin kibod, wanda idan ya tsufa yakan zubar da ruwan da ke cinye layukan tagulla, ya bar wani kore ko fari-fari a kewayensa. A cire shi ko da bai fara yoyo ba, a wanke wurin da binega da tsohon buroshin haƙori, a bi da sifirit na isofurofil, sannan a gwada layukan da mitar auna lantarki a tabbatar ba su yanke ba. A bod na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 kuma, abin dubawa shi ne kafasitoci, wato ƙananan gwangwanayen da ke riƙe wuta a kewayen soket: wadda kanta ya kumbura ko ta fitar da wani abu mai launin ƙasa ta gama aiki, sai an sauya ta. Akwatin wuta ma a auna layinsa na 5V yayin da na'urar ke aiki, domin daga wannan layin ne furosesocin wancan zamani suke sha.

Batun ƙarfin wuta

A gidan 486, furosesocin farko har zuwa DX2-66 na Intel suna aiki ne da 5V, amma DX4-100 da ta fito a 1994 da Am5x86-133 ta AMD da ta biyo baya a 1995 suna buƙatar abin da bai wuce 3.3V zuwa 3.45V ba. Dukansu ƙafafu 168 ne ko kusa da haka, kuma dukansu suna shiga rami guda. Bod mai Socket 3 ne aka tsara domin ya ba da nau'i biyun, amma rubutun Socket 3 a jikin robar bai isa shaida ba, domin akwai bod masu arha da aka bar gurbin mai daidaita wutar babu komai a kansa. A nemi mai daidaita wutar da ido, wato wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu uku da aka ɗaura wa ƙarfen sanyaya kusa da soket. Idan babu shi, hanyar da ta rage ita ce furosesa mai ɗauke da nata mai daidaita wutar, kamar DX4 OverDrive ta Intel, ko kayan ɗaga na'ura irin su Kingston TurboChip da na Evergreen, waɗanda Am5x86 ce a cikinsu aka ɗora a kan ɗan ƙaramin bod mai rage wuta.

A Socket 7 lamarin ya fi rikitarwa. Pentium ta asali tana shan wuta iri ɗaya, 3.3V ko 3.52V, amma daga Pentium MMX da ta fito a 1997 aka raba wutar gida biyu, ƙwaƙwalwar ciki tana shan 2.8V yayin da ɓangaren da ke magana da sauran bod ya tsaya a 3.3V. Bod ɗin da ba a ƙera shi da wannan rabuwa ba zai tura 3.3V ko'ina. Pentium MMX tana iya tashi a haka, tana zafi fiye da kima, tana cin rayuwarta a hankali, amma K6-2 ta AMD da aka yi domin 2.2V ba za ta jure ba. Abin farin ciki shi ne AMD da Cyrix sukan rubuta adadin a bayan furosesar ƙarara, sai dai a karanta na wadda ke hannu kada a dogara da na 'yar uwarta, domin K6-200 tana shan 2.9V, K6-233 ta farko 3.2V, yawancin K6-2 kuma 2.2V amma wasu 2.4V, su kuwa K6-2+ da K6-III+ wajen 2.0V ko ƙasa da haka.

Ko da bod yana da jamfar da ke ba da adadin da ake so, akwai tambaya ta biyu, wato ko mai daidaita wutarsa zai iya ɗaukar nauyin. Iri biyu ne. Na farko yana rage wuta ne ta hanyar ƙona rarar ta zama zafi, kuma ana gane shi da babban ƙarfen sanyaya ba tare da naɗin waya a kusa ba. Na biyu yana yanka wutar ne da sauri yana daidaita ta, kuma alamarsa zobe ne da aka naɗe da wayar tagulla mai kauri. K6-2 mai gudun 400MHz tana iya jan kusan amfa 10. Idan nau'in farko ne zai sauko da 5V zuwa 2.2V domin ta, zafin da shi kansa zai fitar ya haura wat 25, abin da ɗan ƙarfen da ke jikinsa ba zai iya kwashewa ba. A ganina bod mai irin wannan mai daidaita wuta iyakarsa Pentium MMX 233, kuma ko a nan ma gara a sa masa ƙaramar fanka.

Littafin bayani yana iya yin kuskure, rubutun jikin bod ma yana iya goguwa, don haka mita ce alƙali. Bayan an saita jamfa, a kunna bod ɗin babu furosesa a ciki, a sa baƙar wayar mita a baƙar wayar akwatin wuta, a taɓa jar a ƙafar fita ta mai daidaita wuta ko a ƙafar kafasitar da ke kusa da soket, hannu a kafe a kan tebur domin kada tsinin ya zame ya haɗa ƙafafu biyu. Wasu bod sukan gane nau'in furosesa da kansu, saboda haka idan soket babu kowa adadin da za su nuna ba shi ne na ƙarshe ba. A irin wannan hali sai a gwada da wata furosesa mai raba wuta wadda ba a jin asararta.

Zamanin Slot 1, wato dogon ramin da furosesa take shiga kamar kati, da Socket 370 ya rage wannan wahala, domin a nan furosesa ce take faɗa wa bod wutar da take so. Amma bod na farko masu cifset 440BX (cifset shi ne manyan cif ɗin bod da ke haɗa furosesa da sauran sassa) ba sa iya sauka ƙasa da 1.8V, alhali Pentium III nau'in Coppermine tana neman tsakanin 1.6V da 1.75V, kuma idan ta nemi abin da babu, bod ɗin shiru kawai zai yi. Masu wannan sana'a sukan bi ta katin da ke mayar da Slot 1 zuwa Socket 370, mai jamfar wuta a jikinsa, su tsayar da shi a 1.8V tare da sanyaya mai kyau. Nau'in Tualatin kuwa an sauya aikin wasu ƙafafunta, don haka tana shiga ramin Socket 370 amma ba ta aiki sai da adafta ta musamman, irin wadda PowerLeap ya yi.

Gudu da lambar ninki

Gudun furosesa sakamakon lissafi ne: gudun bas, wato hanyar da ta haɗa ta da sauran bod, sau lambar ninki. DX2-66 ita ce 33 sau 2, DX4-100 kuma 33 sau 3 duk da sunanta, Pentium 200 ita ce 66 sau 3. Kamfanonin sun san tsofaffin bod ba su da jamfar manyan lambobi, don haka suka sa sababbin furosesoci su fassara tsohon saiti da wata ma'ana. Am5x86 tana ɗaukar saitin ninki 2 a matsayin 4, ta ba da 133MHz. Pentium MMX 233 tana ɗaukar 1.5 a matsayin 3.5. K6-2 ta baya, daga mai gudun 400MHz, tana ɗaukar 2 a matsayin 6, wanda shi ne ya sa bod mai bas 66 kacal yake iya kai ta 400MHz in har wutarsa ta dace. Da furosesocin Cyrix kuwa a kula, lambar da ke jikinsu ta kwatance ce ba ainihin gudu ba: 6x86 PR166+ tana gudu ne a 133MHz, PR200+ kuma a 150MHz bisa bas 75.

Saitin bas 75 da 83 yana da jan hankali, amma a yawancin bod na wancan lokaci ramukan kati na PCI suna gudu ne a rabin bas, wato 37.5 ko 41.5 maimakon 33 da aka ƙayyade musu, kuma mai sarrafa babban faifai yana kan wannan hanyar. Garin neman gira ana iya rasa ido, domin ɓarnar ba ta fitowa nan take, sai fayiloli sun fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke son bas 100 a wannan soket sai ya nemi bod na Super Socket 7 mai cifset VIA MVP3 ko ALi Aladdin V, irin su FIC VA-503+ da ASUS P5A, waɗanda aka tsara su raba gudun yadda ya kamata. Daga Pentium II ta baya zuwa Pentium III kuma an kulle lambar ninki a masana'anta, saboda haka Pentium III da aka yi domin bas 133, kamar masu harafin B a sunansu, idan aka sa ta a bod mai bas 100 za ta yi kashi uku cikin huɗu ne kawai na gudunta.

BIOS ana sabunta shi ne tun tsohuwar furosesa tana ciki, domin idan sabuwar ta ƙi tashi babu hanyar yin hakan. A yi amfani da faifan fulofi mai DOS zalla, ba tare da wani shiri da ke lodawa a bayan fage ba, a adana kwafin tsohon BIOS kafin a rubuta sabo, a tabbatar fayil ɗin na wannan samfurin ne da wannan fitowar, kuma kada a fara sai an san wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aikin ba. Bod na 486 da yawa BIOS ɗinsu yana cikin cif mai ɗan gilashi a baya da aka rufe da takarda, wanda ba a rubuta shi daga cikin kwamfuta sai an cire shi an sa a na'urar rubuta cif. Idan babu sabon BIOS, ba lallai aikin ya tsaya ba: sau da yawa na'urar tana tashi ta nuna suna ko gudun da ba daidai ba, alhali furosesar tana aiki a gudunta na gaskiya.

Cirewa da sakawa

A kashe na'ura, a zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, musamman a ATX inda layin 5V na jiran ko-ta-kwana yake nan da rai ko an kashe. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta kafin a taɓa bod, ko a ɗaura abin hannu mai sauke lantarkin jiki. Ya fi sauƙi a fito da bod ɗin a shimfiɗa shi a kan kwali, da RAM da katin hoto da lasifikar ciki kawai. Idan akwatin wutar nau'in AT ne, filogi biyunsa P8 da P9 ana jera su ne baƙaƙen wayoyi suna haɗuwa a tsakiya, kuma juya su yana ƙona bod.

Maƙallin ƙarfen sanyaya yana kama wasu 'yan kunnuwan roba a gefen soket, kuma robar da ta shekara fiye da ashirin tana shan zafi ta zama mai saurin karyewa. A danna maƙallin ƙasa tukuna sannan a ja shi waje, a kuma sa guntun kwali ko tsohon katin roba a ƙarƙashin wurin, domin idan sukudireba ta zame ta faɗa a kansa maimakon ta yanke layukan tagulla. Idan ƙarfen ya manne da furosesa, a murɗa shi hagu da dama a hankali, kada a fizge. Sai a ɗan tura hannun soket gefe a ɗaga shi ya miƙe, furosesar za ta fito ba tare da gardama ba. Tsofaffin soket marasa hannu kuwa sai an riƙa ɗaga kowane gefe kaɗan-kaɗan ana zagayawa.

Kafin a saka sabuwar, a ɗaga ta saitin ido a leƙa tsakanin layukan ƙafafunta ta fuskoki biyu. Ƙafar da ta lanƙwashe za ta tare hasken layin. Ana miƙar da ita da bakin fensir mai cin gawayi ta ciki bayan an zare gawayin, a zura ƙafar a cikin bakin a karkata sannu a hankali, sau ɗaya in da hali, domin lanƙwasa ta gaba da baya yana karya ta. Kusurwar ƙafa ta 1 tana da yanka ko ɗigo, kuma ita ce take fuskantar alamar da ke jikin soket. A Socket 7 da 370 furosesa ba ta shiga sai ta fuska ɗaya, amma 486 tana iya shiga a juye, kuma kunna ta a haka yana iya kashe ta tare da bod ɗin. Ban da haka, Socket 3 ya fi 486 faɗi da layin ramuka guda a kowane gefe, wanda aka tanada domin Pentium OverDrive, don haka dole a ga layi ɗaya babu kowa a dukan gefuna huɗu. Furosesar da ta dace da nauyinta take zama. Idan sai an danna, to akwai abin da ba daidai ba.

A shafa man sanyaya ɗan kaɗan, abin da zai rufe fuskar da siririn shafi. DX4 da duk abin da ya fi ta suna buƙatar ƙarfen sanyaya, kuma daga Pentium zuwa sama har da fanka. Coppermine ba ta da murfi, ƙwayar silikon ɗinta a fili take, kuma ƙarfen da aka ɗora a karkace yana iya ɓantare kusurwarta, don haka a sauke shi a miƙe, matakin da ke ƙarƙashinsa yana saitin tudun soket.

Kunnawar farko a yi ta hannu yana kusa da makunni. Idan fanka ta juya ta tsaya, ko aka ji ƙauri, a kashe nan take. Idan fuska ta zauna baƙa babu ƙara, a kashe a sake duba jamfar wuta da ta nau'in furosesa, a goge saitin CMOS, wato inda BIOS yake ajiye saitinsa, a sake zaunar da RAM. Katin gwaji mai nuna lambobin tashi yana da amfani a nan: idan lambobin ba su motsa ba sam, furosesar ba ta fara aiki ba, idan kuma sun motsa suka tsaya, lambar ƙarshe za ta nuna inda aka maƙale. A 486 akwai wata matsala ta daban, inda na'ura take tashi lafiya amma ta kasa karanta fulofi ko ta lalata abin da ta kwafa. Yawanci wannan yana nufin an saita ma'ajiyar cikin furosesa, wato L1 inda take ajiye bayanai na ɗan lokaci domin sauri, a yanayin jinkirta rubutu alhali bod ɗin bai iya shi ba, kuma mayar da jamfar zuwa yanayin rubutu kai tsaye yana warware ta.

Tashi kaɗai ba shaidar lafiya ba ne. A duba ainihin gudu da CHKCPU ko SpeedSys a DOS, a tabbatar da CACHECHK cewa ma'ajiyar L1 da L2, wato ma'ajiya ta biyu da ta fi girma, suna aiki, a bar Memtest86 ya zagaya sau da dama, sannan a ɗora wa na'urar aiki mai nauyi na wasu sa'o'i ana taɓa ƙarfen mai daidaita wuta lokaci-lokaci. Idan yatsa ba zai iya daɗewa a kansa ba, yana buƙatar iska. Wanda ya ƙara RAM a lokaci guda ya tuna cewa cifset 430FX da 430VX da 430TX ba sa rufe abin da ya wuce 64MB da ma'ajiyar L2, don haka ƙarin yana iya rage gudu, sai dai in furosesar K6-III ce ko mai alamar ƙari, waɗanda suke da L2 a cikinsu.

Akwai kuma tsofaffin shirye-shiryen da ƙarin gudu yake ɓata musu lissafi. Windows 95 yakan tsaya da saƙon kuskure wajen tashi a kan K6-2 mai 350MHz ko sama da haka, sai an sa masa gyaran da aka fitar domin wannan, kuma gara a sa shi tun kafin sauyin. Shirye-shiryen DOS da aka rubuta da Turbo Pascal sukan mutu da kuskure mai lamba 200 idan gudu ya haura wajen 200MHz, wasannin farkon shekarun 1990 kuma wasunsu sukan yi saurin da ba za a iya buga su ba. Idan irin waɗannan ne dalilin ajiye na'urar, kashe L1 ko L2 a cikin BIOS yana saukar da ita zuwa kusan gudun 386 ko 486, K6-2+ da K6-III+ kuma ana iya sauya lambar ninkinsu da ƙaramin shiri daga cikin DOS ba tare da an buɗe akwati ba. Tsohuwar furosesar da aka cire a soka ƙafafunta a soso mai hana lantarkin jiki, a haɗa ta da takardar da aka rubuta saitin jamfarta, domin ita za a fara mayarwa duk ranar da ake son a gane ko bod ne ya samu matsala ko sabuwar furosesa.